Dakon Farar Mesa daga Lome zuwa Dumega

A Malanbil aka fara cutata, ƙafata ma ba ta gama sanin ƙasar Benin ba. Wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗin motata, ya zaunar da ni a kan benci, ya ce kada in motsa, mota tana zuwa. Har yau motar nan tana zuwa. Na zauna rungume da ƙunshin kayana kamar wata sakarya har rana ta karkata, sai da wata mai tuyar doya ta ji tausayina ta ce, "Baiwar Allah, wanda kike jira ai ya daɗe da tsallake kogi." Ban yi kuka ba. Kukana na riga na ƙarar da shi a garinmu Dumega. Abin da ya rage mini fushi ne, kuma da shi na yi guzuri har bakin teku.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni, kada a ɗauka yawon duniya na tafi. Sunana Mariyama. Na yi koleji a Dogon Dutsi, ban ƙare ba na auri wani mai gyaran babur a garinmu, auren so, ba wanda ya tilasta ni. A da kunya ba ta barina in kama sunansa ko na uwarsa. Yanzu kuwa zan kama: Isuhu, da uwarsa Kulu. Haihuwar fari na haifi mace, zabiya, fara sol, gashinta kamar gemun masara. Ni baƙa ce, Isuhu baƙi ne. Kulu ce ta fara ɗaga zanen ta duba. Ta saki zanen da sauri, ta fita, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa wai da ina da ciki na je itace gindin tsamiya da tsakar rana, Doguwa Fara ta shafi cikin. Waɗanda ba su yarda da iskoki ba suka ce ai bara wasu anasara sun zo haƙa rijiyar burtsatse. Kowa ya zaɓi labarin da ya fi masa daɗi a baki. Isuhu ya zaɓi shiru. Ranar suna ba a yanka rago a ƙofar gidansa ba. Kawuna ne ya yanka ɗan akuya a gidanmu, aka sa wa yarinya Zali, saki kuma ya biyo baya.

An ce uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ni ina kama na Zali da ƙarfi, tunda ubanta ya ƙi. Da na yaye ta na bar ta wurin Innata, na fita neman abin da zan saya mata man shafawa da hula da tabarau, don ranar Arewa ba ta raga wa fatar zabiya.

A Kwatano, can bakin teku, na zama ƴar dako a babbar kasuwa. Ki ɗauki ƙaton baho ki bi bayan matan gari, su yi ta saye suna jibga miki a ka. Ba mai tambayar sunanki. "Fortez!" kawai za ki ji, wato ƴar dako da Faransanci, sai ki ruga. Na ɗauki doya, na ɗauki tayal, na ɗauki kifi mai ƙanƙara yana narkewa yana bin wuyana har cikin riga. Wata mata mai zobe a kowane yatsa ta ja ni kasuwa kaf, da muka isa motarta ta ce na fasa mata tumatir, ta rufe ƙofa ta yi gaba. Na tsaya a titi ina zaginta, zagin Arewa mai kyau wanda ke haɗawa har da kakanni. Ko waiwaye ba ta yi ba. Abin da ya fi ci mini rai a baƙunta ke nan, ki zazzage zagi ba wanda ya ji abin da kika ce.

Ba zan ce kowa mugu ne ba. Wata tsohuwa mai sayar da barkono, ba ta jin Hausa ba na jin yarenta, ta ga tsakiyar kaina ya fara sanƙo, ta yage gefen zanenta ta naɗa mini gammo. Gammon yana nan wurina har yau. Amma abincinsu masara ce mai tsami safe da yamma, kuma na sha yin mafarkin furar hatsi in farka ina tanɗar baki.

Wata Bazabarma ce ta ja ni Lome, wai akwai aikin gida. Aikin yana nan, amma mai gidan hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, sai na bar musu tsintsiyarsu tun kafin in fasa masa kai da muciya. Daga nan na ji ana neman mai wanke kejin ɓeraye a wani gida a bayan gari, kan hanyar arewa, an rasa mai yi. Na ce ni na iya. Ban tambayi me ake yi da ɓerayen ba sai da na isa.

Gidan kiwon mesa ne. Ba irin mesarmu ta fadama mai haɗiye akuya ba. Wannan ƙarama ce, ba ta fi tsawon taɓarya ba, baƙa da zanen ruwan ƙasa, ba ta da dafi. In ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya, ki ɗauke ta a tafi kamar curin fura. Mafarauta ke tono ƙwan daga ramuka a daji su kawo, a ƙyanƙyashe, a zuba ƴaƴan a jirgin sama zuwa Turai, inda anasara ke ajiye su a akwatin gilashi cikin ɗakin kwanansu. Duniya ke nan. Ɗiyata an ce ba mutum ba ce, ga ni kuma ina kankare kashin ɓera saboda macijin da za a yi wa biza.

Mai gidan mace ce, Madam Afi, gajeruwa mai faɗa, ba ta dariya sai in ta ga ƙwai. Da Faransanci muke magana. Wata rana ina shara a ɗakin da take ajiye macizanta na musamman, ta shigo da wani baƙo, tana nuna masa akwatuna. Da suka zo kusa da ni sai na ji ta ce, "Wannan fortez ce. Ba ta da kyan gani, amma tana da amfani."

Jini ya hau mini ka. Na jefar da tsintsiya.

"Madam, na yi dako, ban yi sata ba. In za ki nuna ni ga baƙonki, ina da suna."

Ta dube ni, ta dubi baƙon, sai ta fashe da dariyar da ban taɓa jin ta yi ba. "Wa ya kula da ke? Da wannan nake." Ta nuna akwatin da ke bayana. Mesa ce a ciki, baƙa, irin wadda nake gani ɗari a rana.

Na ce, "Me take ɗauka, ita da ba ta da baho balle gammo?"

Da baƙon ya tafi ta ja ni ƙuryar ɗakin, ta buɗe wani akwati da ba a bari kowa ya taɓa. Na leƙa. Maciji ne namiji, fari tas da zane ruwan ƙwai, idanunsa jajaye, yana kawar da kai daga haske. Na san kawar da kan nan. Haka Zali take yi in an fito da ita tsakar gida.

Madam Afi ta ɗebo wake daga kwanon masu gadi, baƙi da fari. Ta ce kowace halitta ƙwaya biyu take riƙe da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In baƙi da fari suka haɗu, baƙin ne ke fita a jiki, farin ya ɓoye. Mai irin wannan shi ne ɗan dako, yana ɗauke da farin amma ba a gani, shi kansa bai sani ba. Sai ɗan dako ya haɗu da ƴar dako, kowannensu ya miƙa wa ɗan farar ƙwayarsa, sannan a haifi fari.

Na ce, "In uwar kaɗai ke ɗauke da shi fa?"

"Ba za a haifi fari ba. Sai su biyun."

"Uban ma dole?"

"Dole."

"A mutane ma haka ne?"

Ta ce, "Ba ki yi lakwal ba?"

Na yi lakwal, wato makarantar boko. Wataƙila ranar da mushe, malaminmu, ya koyar da wannan ina gida ina daka. Na zauna daɓas a kan siminti da wake a hannuna, kuma maimakon in ji sanyi a raina, wani sabon fushi ne ya taso, wanda ya fi na da. Ashe duk shekarun nan Isuhu yana yawo a kan babur da farar ƙwayarsa a jiki, ni kuma an bar ni da Doguwa da anasara.

Ranar na yi masa saƙon murya mai tsawo, na bayyana masa waken nan dalla-dalla. Bai amsa ba. Daga baya Inna ta gaya mini an saurari saƙon a rumfar gyaran babur, ana ta dariya, wai mace ta je bariki ta koyo lissafin wake. Nan na gane mutanenmu ba a gaya musu magana, sai dai a ajiye musu abu a gaban ido. Na ƙudura zan nemi ƴan dako biyu, mace da namiji, baƙaƙe, in kai su Dumega kowa ya gan su, su yi ƙwai a can, a ƙyanƙyashe a gaban gari.

Ban tambayi Madam Afi ba, don na san abin da take sayar da nata, kuma girman kai bai bar ni in yi roƙo ba. Sai na faɗa hannun Sama'ila. Ɗan Tibiri ne, dillalin dabbobi a zango, yana kawo wa gidanmu kunkuru da hawainiya. Ranar da na fara jin Hausar gida a bakinsa har ƙwalla na yi. Na ba shi labarin Zali tun daga fari, ya girgiza kai, ya yi salati.

"Ƙanwata, wagga ɗiya ai tawa ta. Bari ni da abin ga. Akwai wani anasara da za shi koma gida, shina da ƴan dako biyu manya, sun isa haihuwa. Don ke ta, zan karɓo miki su."

Na ba shi abin da na tara, bai isa ba, na cire ƴan kunnen da Inna ta ba ni ranar aurena na ɗora. Ya kawo su a buhu. Na dube su, baƙaƙe ne kamar kowace mesa, to ai haka ya kamata su zama. Madam Afi ta ba ni kusurwa a bayan ɗakin ɓeraye, tana taɓe baki.

Na ce zan gwada su tukuna kafin in ɗauke su zuwa gida. Shekarar farko macen ta yi ƙwai, ta naɗe a kansu wata biyu, suka fashe, duka baƙaƙe. Madam ta ce hakan na faruwa, kowane ƙwai da rabonsa. Na haƙura, na ci gaba da ba su ɓeraye mafi ƙiba. Shekara ta biyu ma duka baƙaƙe. Ina tsaye a kansu raina a jagule sai ga wani mafarauci da ke kawo mana ƙwai ya leƙo. Ya ɗaga wutsiyar macen ya ga wani tabo, ya yi murmushin ganin tsohuwar sani. Ya ce fatanyarsa ce ta yi mata shi, ranar da ya tono ta daga ramin gafiya. Ita da namijin duka shi ya sayar wa wani Bahaushe, kuɗinsu bai wuce na kwanon shinkafa ba.

Ranar Juma'a ce. Na ciko bokiti da ruwan wankin kejin ɓeraye, na hau ɗan acaɓa da shi har zango. Na tarar da Sama'ila ya sha farar shadda zai tafi masallaci.

Na ce, "Sama'ila, macizan daji kas sayar min?"

Ko gezau bai yi ba. "To ke kin ga cikinsu? Ni ma ban gani ba. Abin da ba a gani ai shi munka yi ciniki kai. Ƙila suna ɗauke da shi, ki ƙara haƙuri."

"Na ba ka labarin ɗiyata, kac ce taka ta."

"Ai tawa ta har gobe."

Na juye masa bokitin tun daga hula. Mutane suka taru, aka rirriƙe ni, wani dattijo yana cewa haba baiwar Allah, ɗan'uwanki ne, a ƙasar mutane kuke. Wai ɗan'uwana. Matar Kwatano da ta gudu da haƙƙina aƙalla ba ta kira ni ƙanwarta ba. Ƴan kunnen Inna ban sake ganinsu ba, kuma har yau in na tuna shaddar nan ina jin da ma bokiti biyu na kai.

Madam Afi ta bari sai da na huce kafin ta yi magana. Ta ce a wannan sana'a doka ɗaya ce: kada ki karɓi ɗan dako sai kin ga farin da ya haife shi da idonki. Duk ɗan da farin maciji ya haifa, ko da baƙi ya fito, tabbas yana ɗauke da farar ƙwaya, don ubansa ba shi da wata da zai ba shi. A shekarar ta haɗa farin namijinta da mata biyu. Ni na ɗauke shi da hannuna na sa shi a akwatunansu, ni na yi gadin ƙwan. Da suka fashe ta ce in zaɓi namiji daga wannan uwa, mace daga waccan. Ta ce ba kyauta ba ce, zan zauna in yi mata aiki har su girma. Na san kyauta ce, amma na bar ta da faɗanta.

Namiji yana saurin isa, mace kuwa sai ta yi kamar shekara uku. Shekarun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Zali ta shiga lakwal, ana zaunar da ita a gaba don ba ta ganin allo. Inna takan ari wayar maƙwabta mu gaisa. Wata rana yarinyar ta karɓi wayar ta ce:

"Mama, wai gaskiya na ni ba ɗiyar mutum ba ta?"

"Wa yac ce miki haka?"

"Yara. Sun ce ɗiyar iska ta ni. Jiya na gai da Baba Isuhu bakin kasuwa, bai amsa ba. Ko bai gan ni ba?"

Zali da ake hangowa daga ƙarshen gari, wai ko bai gan ta ba. Na ce mata ɗiyar mutum ce ita, kuma ina nan tafe da shaida. Da na kashe wayar na shiga ɗakin ɓeraye na yi ta kankare kejin da na riga na wanke har hannuna ya yi jini.

Bayan kaka na kamo hanyar gida da macizaina a kwando, cikin jiƙaƙƙen tsumma, da takardar izinin da Madam Afi ta nemo mini. Ta raka ni har tasha. Maganarta ta ƙarshe ba addu'a ba ce, gargaɗi ne. Ta ce kowane ƙwai rabonsa na fitowa fari ɗaya ne cikin huɗu, suna iya fitowa baƙaƙe gaba ɗaya, kuma in haka ta faru ni ce maƙaryaciya a garinmu. A bakin kogi gada a rufe take, da kwalekwale muka tsallaka zuwa Gaya. Wani mai kaki ya ce sai na buɗe kwando. Na ce masa kada ya sa hannu, ya ce ba ni zan koya masa aiki ba. Ya sa hannun. Tsallen da ya yi har hularsa ta faɗi, kuma bai ko dubi takardar ba ya ce in wuce.

Zali ta yi tsawo. Leɓenta duk ya tsage, wuyanta da tabon rana. Ta tsaya nesa tana kallona da ido a kanne, sai da na kama sunanta da ƙarfi ta rugo.

Washegari na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na fito da macizan. Aka watse, aka sake taruwa daga nesa. Na aika aka kira baffan Isuhu, tunda shi ne babba a gidansu. Na ce ya duba da kyau.

"Baffa, wane launi ag gare su?"

"Baƙaƙe na."

"Dut biyu?"

"Dut biyu."

"To a riƙe wagga magana. In Allah ya so za su haihi hwari, ba Doguwa, ba anasara."

Na gyara musu tsohon ɗakin Inna. Na kwantar da randuna biyu a cikin yashi, ina yayyafa ruwa safe da yamma, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, don iskar garinmu busasshiya ce, mesa kuwa ba ta son haka. Ɓeraye ba su yi mini wuya ba. Matan da ke cewa na dawo da iskoki a kwando su ne ke aiko mini in zo in ɗana tarko a rumbunsu. Har wata ƴar bori ta zo ta tambaye ni a asirce ko ina son a yi mini girka.

Lokacin sanyi na haɗa su. Da bazara ta kama macen ta yi ƙwai shida, ta naɗe a kansu. Zafin shekarar nan ya isa ya dafa su a cikin randa. Ni da Zali muka yi ta jigilar ruwa daga rijiya, ni a kai da gammon Kwatano, ita da ɗan bokiti in rana ta yi sanyi. Ta fi ni son macizan. Ta sa wa namijin suna Alhaji don ba ya komai sai ci da kwanciya.

Bayan ruwan farko ƙwan suka fara tsagewa. Na farko ya leƙo da kai, baƙi. Na biyu baƙi. Na uku da na huɗu baƙaƙe. Na fara jin dariyar rumfar babur a kunnena. Ban iya kallon na biyar ba, na fita tsakar gida na zauna a kan turmi. Sai na ji muryar Zali daga ɗaki, a hankali, kamar mai tsoron tashin wani daga barci.

"Mama. Zo ki ga mai kama da ni."

Kai ne ɗan ƙarami, fari da ruwan ƙwai, da jajayen idanu, ya leƙo daga ɓawon yana lasar iska.

Na aika gida gida. Aka cika tsakar gidanmu har bisa katanga. Na fito da uwar da uban, na fito da randar da ƴaƴan, na ɗebo wake baƙi da fari na yi bayani kamar yadda aka yi mini. Isuhu yana can baya, ya harɗe hannu. Kulu tana cikin mata, ta ja lulluɓi. Baffa ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya juya ga jama'a.

"To kun gani da idonku. Abin da muka hwaɗi tun hwarko shi na. Macen ga Doguwa na biye da ita. Har macizanta hwarare suka haihuwa."

Aka ɗauki salati. Wasu suka ja yaransu suka fita. Isuhu ya dubi randar, ya dubi ƙasa, ya bi bayansu.

Shekaru na yi ina dako, ina kankare kashin ɓera, an cuce ni an zage ni, na haye kogi da macizai a ka, don wannan tsoho ya juya mini shaidata da jimla ɗaya. Na ɗauki taɓarya. Wallahi randar na nufa, ita da abin da ke cikinta. Zali ce ta rungume randar ta rufe ta da jikinta, sai na jefar da taɓaryar na shiga ɗaki.

Washegari da azahar, lokacin da kowa ke cikin inuwa, na ji sallama ƙasa ƙasa. Kulu ce, ita kaɗai. Rabonta da gidanmu tun kafin haihuwar Zali. Ban ba ta tabarma ba. Ta ce in nuna mata farin. Ta durƙusa gaban randar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zuba masa ido.

"Kin ce sai uwa da uba dut suna ɗauke da shi?"

"Haka nic ce."

"Ba laihin uwa ba na ita ɗai?"

"Ba laihin kowa ba na."

Ta share fuska da gefen lulluɓi. "Kahin Isuhu na haihi namiji. Kamar wanga. Uwar mijina taɗ ɗaga zane tac ce Doguwa ta. Anka kai ni ɗakin baya da shi, anka ce ma gari ɓari niy yi. Bai kai suna ba. Ko rago ba a yanka mai ba."

Na ce, "Ke nan kin sani. Ranar da kinka ɗaga zanen ɗiyata, kin san daga inda ta hito."

"Na gane ta. Kamar shi na gani."

"Kinka hita kinka ce Doguwa."

"In ban ce Doguwa ba, tsohin garin ga za su tuna nawa."

Da ƙarya ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ce mata ita ce ƴar dakon, ita da mijinta da ɗanta, amma ni aka ɗora wa kayan, kuma na sauke yau. Na ce ta tashi ta je ƙofar gidansu ta faɗi abin da ta faɗa mini, a gaban Baffa. Ta ce bakinta ba zai iya ba. Na ce to ta fitar mini daga gida.

Ta miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ta ci karo da Zali ta dawo daga lakwal. Suka tsaya suna kallon juna. Kulu ta miƙa hannu ta gyara mata hular da ta karkace, sannan ta kama hannunta. Ba ta nemi iznina ba. Na bi su zuwa ƙofar gida na tsaya. Ba ta bi ta lungu ba, ta tsakiyar gari ta bi, ta gaban rumfar gyaran babur, tsohuwa baƙa da yarinya fara, a hankali, kowa yana kallo, har suka shige gidan Isuhu. Abin da aka faɗa a ciki ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da safe aka yanka rago a ƙofar gidan Isuhu. Ragon Kulu ne, wanda take turke da shi don layya. Liman ya kama sunan Zali da na ubanta a gaban mutane, Isuhu yana zaune kansa a ƙasa. Yarinyar ta dawo kumatunta duk maiƙo, tana ba ni labarin wai Baba ya ce zai saya mata sabon tabarau. Na ce madalla, na goge mata baki.

Can aka aiko mini da cinya guda a kwano, wai rabon uwar ɗiya. Ban taɓa ba. Na ce a mayar wa Kulu, a gaya mata wannan na ɗanta ne, wanda ba a yanka wa ba.